Barewar Mai Jego

Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, a ita matata ta ga damar haihuwa. Na kuwa faɗa mata, na ce duk shekarun Allah ba ki ga ta haihuwa ba sai wannan, ta yi dariya har tana riƙe mara. Mace aka samu, 'yar firit, tafin hannuna biyu ya ɗauke ta. Ranar suna babu rago. Liman ya yi huɗuba, aka shafa fatiha, aka raba goro ɓari-ɓari, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya yi mini gori, don a shekarar nan duk garin babu mai bakin gori.

Ƙauyenmu ba shi da nisa da Zakirai, kuma wanda ya san ƙasar nan ya san ba mu da daji. Gona ce ta jingina da gona, in ka yi tari a taka maƙwabci ya ce maka sannu daga tasa. Kurmi na ƙarshe tun zamanin kakana aka share shi aka shuka gyaɗa. In damina ta yi kyau wannan ba abin damuwa ba ne, amma in ta juya baya babu inda mutum zai ruga. Tafasa ta ƙare, rama ta ƙare, itatuwan kuka aka yi musu aski tas. Dusar da a da muke ba awaki ita ake tankaɗewa a dama kunu. Da idona na ga matan aure suna haƙa gidan tururuwa suna sheƙe 'yan ƙwayoyin da ta tara.

Surukata ta zo daga garinsu don wankan jego. Mace ce mai kara, tun da na auri 'yarta ba ta taɓa yi mini magana ido da ido ba, sai dai ta bayan zana. Ta yi duk abin da ta sani. Ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa ko da na dusa ne, ɗan yajin da ta ƙullo a bakin zane. Amma nono ya ƙi zuwa. Jaririyar ta kama ta tsotsa ta saki, ta tsala kuka, ta sake kamawa. Ana nan sai kukan ya fara sirancewa. Na san wannan muryar, don a daminar da ta wuce muka binne yayanta, kuma da irinta ya yi sallama. Tsoro ya kama ni, ba na ɓoyewa, irin tsoron da ke hana mutum zama wuri ɗaya.

Wata safiya ina zaure ina gyaran igiyar guga sai na ga inuwar mutum a kaina. Surukata ce, ta ajiye kunyar nan gefe ta fito.

Ta ce, "Malam, ruwan zafi ba ya zama nono. Mai jego romo take so. In babu ƙauri, ko ƙafar kaza ce a nemo. Yarinyar nan ba za ta daɗe a haka ba."

Na ce, "To, Inna." Abin da na iya cewa ke nan.

Wace kaza? Kajinmu da awakinmu tuni sun tafi kasuwa sun dawo a kwanon awo. Da farkon farin nama ya yi arha, don Fulani na ta zubar da shanun da ba sa iya tashi, amma kafin bazara an gama da su, masu sauran rai an kora su kudu. Abin da mahauta ke ratayewa a Zakirai sai dai ka kalla ka haɗiyi yawu.

A cikin kwanakin nan labari ya zo cewa fari ya koro bareyi daga arewa, ana ganinsu a dajin da ke can wajen Ɓaɓura. Sarkin Baka, wato shugaban maharban yankinmu, ya aika cewa duk mai bindiga ya shirya. Ni kuwa ina da ta babana a rataye a ɗaki. Bindigar toka ce, wadda ake ɗurawa ta baki: ka zuba albarushi, ka danna tsumma, ka zuba abin da za ka jefa, ka sake dannawa da sandar ƙarfe. Harbi ɗaya gare ta. Kafin ka sake ɗura ta naman ya bar maka ƙasar. Saboda haka duk wayon maharbi yana ga abin da ya zaɓa ya zuba mata.

Na je maƙera na tarar da maharba sun cika wurin. Kowa ya kawo tarkacensa ana datse masa: tsofaffin ƙusoshi, guntayen waya, boris ɗin keke. Su cika hannu su zuba a jaka suna murna. Raina ya ɓaci nan take. Babana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zuba ƙusa don barewa ba. Ƙusa ba ta da nauyi, ba ta da siffa, tana fita tana juyi tana fito, ta watse ko'ina. In zabin daji ne ko hasbiya, to, ba laifi. Amma barewa sai dai ta yage mata fata, ko ta fasa mata tumbi ta gudu da shi ta je ta mutu a inda ba mai yanka ta. Abin da ke kayar da barewa dalma ce, dunƙule guda, daidai bakin bindigarka, a sa ta a bayan kafaɗa.

Kada ka ɗauka ba su san haka ba. Sun sani sarai. Abin da ya sa suke son ƙusa wata doka ce da muka gada, dokar jinin farko. A wurin maharbanmu, wanda ya fara fitar wa dabba jini shi ke da ita, ko da wani ne ya kayar. Wanda ya ƙarasa ta wuya kawai ake ba shi, Sarkin Baka ya ɗauki karfata, wato ƙafar gaba guda, sauran duk na mai jinin farko. A zamanin kwari da baka dokar nan gaskiya ce tsantsa, don kibiyar farko ita ke ɗauke da dafi, ko ƙwarzane ta yi dabba ta riga ta mutu, tafiya kawai take. Da bindiga ta zo sai aka bar dokar yadda take, dafin kuwa babu. Sai ya zama mai wayo shi ne wanda ya watsa ƙusa daga nesa cikin garke, ya ƙwarzani uku ko huɗu, ya koma gefe yana jiran wani ya yi masa aikin.

A maƙerar na haɗu da ɗan Sarkin Baka. Abokina ne tun muna yawo ba wando, tare aka yi mana kaciya, tare muka sha bulalar malam. Shi ma yana da nasa a kwance, ɗansa da aka yaye, ƙafafu sun kumbura saboda yunwa. Shi sarƙar keke ya kawo aka ɓalle masa gaɓa-gaɓa, yana ta yi wa mutane burga cewa tasa ta fi ta kowa cizo.

Ya ce, "Kai ina taka ƙusar?"

Na ce, "Ni ba kafinta ba ne."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi.

Dalma kuwa a shekarar nan sai an tona. Na taka har Zakirai wurin wani makanike da ke da mataccen batirin babbar mota a bayan rumfarsa. Ba ni da abin ba shi, sai na cire hular aurena na miƙa masa, ya jujjuya ta ya ce in ɗauka. Na fasa batirin na ciro dalmar, na wanke, na narka ta a tsohon kasko a bayan gida. Akwai harsashi guda da ya rage a jakar babana, shi na riƙa dannawa a ɗanyen yumɓu ina yin gurbi, na zuba narkakkiyar a ciki. Da suka huce sai na zauna ina murza su tsakanin duwatsu biyu har su yi sumul. Kowanne sai na gwada shi a bakin bindiga. Wanda ya faɗa ciki sakaka na mayar da shi kasko, wanda ya cije na ƙara murzawa, sai wanda ya shiga da ɗan tsumma a jikinsa yana neman a taimaka masa da sanda. Na ƙwarai da na samu ba su cika tafin hannu ba.

Abokin nawa ya leƙo ta kan danga ya same ni a haka.

Ya ce, "Tabɗi! Mu muna shirin daji, kai kana nan kana cura fura."

Na ce, "Za ka sha ta kuwa."

Har harsashi guda na ɓata da gangan. Na shafa toka a jikin kukar bayan gari, na ja da baya na harba, don in ga inda take faɗawa. Ta ɗan ci hagu, kamar yadda babana ya sha faɗa cewa halin bindigar ke nan. Mutane suka ce na haukace, ana neman albarushi ido rufe ni ina harbin itace. Na ce oho, gara kuka ta gaya mini gaskiya da barewa ta gaya mini.

Muka tashi da sassafe, mu goma sha wani abu, Sarkin Baka a gaba. Tsoho ne dogo, mai ƙasumba fara, abokin babana ne na ƙut-da-ƙut, shi ya sa yake ce mini ɗana. Guzurina garin rogo ne ƙulli guda da gorar ruwa. Da zan fita matata ta ɗago jaririyar ta nuna mini fuskarta. Tafiya ce ta sai an kwana a hanya, rana kuwa kamar ta sauko ta zauna a ka. Garuruwan da muka ratsa rabinsu babu mutane, an ja ƙaya an toshe ƙofofi an tafi cin rani tun kafin lokacinsa. Da taimama muka riƙa salla.

Da muka shiga dajin muka ga sawu, muka ga kashi sabo. Ba a jima ba sai ga su, garke ɗan ƙarami, sun tsaya can nesa a wani fako suna kallonmu. Nesa fa, inda in mutum ne ba za ka gane fuskarsa ba. Kafin in buɗe baki sai ji na yi dum, dum, dum ta ko'ina. Hayaƙi ya turnuƙe, ƙarfe na ta fito a iska, bareyin suka yi sama kamar an watsa musu ruwan zafi. Ko guda ba ta faɗi ba. Mutanenmu kuwa har da ihu, wannan na cewa ya ga tasa ta ɗingisa, wancan na rantsuwa ya ga jini.

Sarkin Baka ya dube ni ya ce, "Ɗana, ban ji taka ba."

Na ce, "Baba, ban ga abin harbi ba."

Wani ya ce ai dalmar ado ce, gida zan mayar da ita a yi wa amarya 'yan kunne.

Washegari ungulaye suka nuna mana aikin da aka yi. Muka bi su muka tarar da barewa a gindin wata sabara, mace, ta kumbura tim, ciki a fashe da ƙusa, ƙudaje sun rufe ta. Mushe. Naman da zai tashi gida biyu daga kwance, ga shi nan an ba ungulu. Wallahi sai da na ji hawaye a idona, ba na tausayin barewar ba, na takaici. Na ce musu, "Ga jinin farko nan, mai shi ya zo ya ɗauka mana!" Suka sake ɗura ƙusoshinsu muka wuce.

Daga nan na ware. Na ce wa Sarkin Baka zan duba ta gabas, ya ɗaga mini hannu. Na riga na lura da wani gawo babba da ke zubar da 'ya'ya, ƙarƙashinsa duk sawun bareyi ne. A irin wannan shekara duk inda ɗanyen abu yake, nan za su dawo. Na ɗebi rairayi na saki don in ga inda iska ke kaɗawa, na zagaya ta inda ba za ta kai musu warina ba. Na ciro burtun babana na ɗaura a goshi. Kan tsuntsu ne da aka sassaƙa, maharbi ya ɗaura ya lulluɓa da baƙin zane ya yi rarrafe, dabba ta ɗauka tsuntsu ne ke kiwo. Mutanenmu sun daina amfani da shi, wai ɓata lokaci ne.

Na kwanta a bayan wata geza tun hantsi har rana ta karkata. Ƙasa na ƙona mini ciki, cinnaku na cizo, ban motsa ba. Abin da ke kaina kawai muryar yarinyar nan. Can sai ga su su uku, namiji guda a gaba, mai ƙaho, ya fi sauran tsoka. Na fara jan ciki ina sunkuyar da kan burtun kamar mai tsintar ƙwari. Ya ɗago ya kalle ni, ya kaɗa wutsiya, ya ci gaba da ci. Na matsa. Na ƙara matsawa, har ina jin ƙarar 'ya'yan gawo a bakinsa. Da ya ba ni gefe na sa bakin bindiga a bayan kafaɗarsa, na ɗan karkata ta wajen dama saboda halinta, na yi bisimilla na ja kunama.

Ko taku ɗaya bai yi ba. Ya durƙusa a inda yake. Na yar da bindigar na ruga da wuƙa, na juya shi alƙibla na yanka yana da sauran rai, jini ya yi tsiri. Na zauna a ƙasa ina ta alhamdulillahi kamar wanda bai san wata kalma ba.

Ƙarar ta jawo su. Suka zo suka kewaye ni, wasu na cewa barka, wasu suna kallon naman da irin idon da ban so ba. Sarkin Baka ya tsuguna yana shafa jikinsa kamar yadda aka saba, daga wuya har gindi. A cinyar hagu hannunsa ya tsaya. Ya sa wuƙa ya ɗan tsaga fatar, ya matso wani abu ya ɗora a tafinsa. Gaɓar sarƙar keke ce. Duk cikinmu mutum ɗaya ne ya ɗura sarƙar keke.

Ya ce, "Jinin farko na ɗana ne." Ɗan cikinsa yake nufi wannan karon. "Kai kuma wuya naka ne, Allah ya yi albarka."

Wuya! Wuyan barewa, da in ka tafasa shi sau ɗaya shi ke nan. Na ji kaina ya yi zafi har kunnuwana na ƙara.

Na ce, "Baba, dubi wurin nan da kyau. Tsakanin fata da tsoka ta maƙale. Ko ɗingishi ba ya yi. Da na bar shi, da shekara goma zai yi yana yawo da ita."

Ya ce, "Jini dai ya fita."

Na ce, "Ƙaya ma tana fitar da jini. A ba ƙaya naman mana."

Wasu suka ce haba, haba, da Sarki kake magana. Ban saurare su ba. Na farke ƙirjin na zura hannu har gwiwa na lalubo dalmata, ta baje kamar an take ta, ta ratsa huhu ta tsaya a ƙashin ɗaya gefen. Na ajiye ta kusa da guntun sarƙar a tafin tsohon.

Na ce, "Baba, kai ka fi ni sani. Wanne ya kashe shi a cikin biyun nan?"

Ya ce, "Ba wanda ya kashe ake tambaya ba. Haka muka tarar, haka ubanka ya bi har ya koma ga Allah."

Na ce, "Ubana ya bi ta lokacin da ake jin kunyar watsa ƙusa cikin garke."

Na dubi abokina, ya sunkuyar da kai yana haƙa ƙasa da babban yatsa. Na tuna ƙafafun ɗansa, zuciyata ta ɗan sauko. Na ce to, a bar maganar doka. Sarki ya ɗauki karfatarsa, abokina ya ɗauki cinya guda da rabin haƙarƙari, ni in tafi da saura, don ina da mai jego a ɗaki. Na ga abokin nawa ya ɗago kai, har ya ɗaga ƙafa zai matso. Uban ya tare shi da sandar bindiga.

Ya ce, "Ba sadaka muka zo nema ba. Ba a ba mutum kyauta daga cikin abinsa. Ko ka bi doka ka ɗauki wuyanka, ko kuwa in ka ɗaga naman nan daga wurin nan, ba ka cikinmu. Bindigar ubanka ba ta ƙara bin sahun tamu, kuma duk maharbin da ya ba ka ko ƙwayar albarushi shi ma ya bi ka."

Na ce, "Shi ke nan, Baba?"

Ya ce, "Shi ke nan."

Na ɗaure ƙafafun barewar, na saɓa ta a wuya, na rataya bindigata wadda babu komai a cikinta. Na juya musu baya, su da bindigoginsu a ɗure, na kama hanya. Ban waiwaya ba, kuma ban ƙara sauri ba don kada wani ya ce gudu na yi. Na ji wani ya ce ɓarawo. Na ce a raina, ka faɗa da ƙarfi, nauyinta dai a kafaɗata yake.

Da na yi nisa na tsaya a wani kwari na feɗe ta, na yanyanka, na hura wuta na ƙyafe naman don kada zafi ya lalata shi. Hantar kawai na gasa na ci, don in samu ƙarfin kai saura gida. Na ƙunshe komai a fatar, har ƙasusuwa da ƙafafu, ban bar wa dila ko kofato ba. Ban san yadda na yi tafiyar nan ba. Na dai san na iso gari da la'asar, tafin ƙafata duk ya fashe, kuma tun daga bakin zaure na kasa kunne. Na ji ta. Muryar jaririyar kamar ta ɗan kyanwa, amma tana nan.

Surukata ta buɗe fatar ta duba, ba ta ce sannu ba, ba ta ce madalla ba. Tukunya kawai ta ɗora. Ta zuba ƙafafun da ƙashi da yaji da 'yar kanwa, ƙamshi ya tashi ya tsallake danga, har na ji kunyar maƙwabta. Matata ta sha kwano guda tana kuka, ta ce ba za ta iya ƙarawa ba, uwar ta ce za ki iya, ta ƙara. Haka aka yi ta yi safe da yamma, ana tsakurar naman kamar magani. Maƙwabta na kusa an ɗan zuba musu romo, ban hana ba.

Tun tukunyar farko na ce a cika kwano, a sa tsoka a ciki, a kai gidan Sarkin Baka a ce na ɗan abokina ne. Surukata da kanta ta kai. Aka dawo da shi ko murfin ba a ɗaga ba. Da maharban suka dawo daga daji, hannu wofi in ban da 'yan zomaye, na sake aikawa. Aka sake dawo da shi, wannan karon da saƙo cewa gidan ba sa cin haram.

Wata safiya ina alwala sai na ji surukata ta yi guɗa, 'yar gajeriya, ta kama bakinta. Na leƙa ɗakin, abin da ba a yi. Jaririyar ta kama nono ta ƙi saki, maƙogwaronta na motsi, har wani farin ruwa na gangarowa ta gefen bakinta. Matata ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Malam, ya zo." Na koma bayan rumbu na tsuguna, na yi kukan da ban yi ba ranar da muka binne yayanta.

Ba a rufa mako ba ɗan abokina ya rasu.

Kafin a gama yi masa wanka maganar ta zaga gari. Wai na ƙwace naman da Allah ya ba yaro, wai da cinyoyin nan biyu sun shiga gidan da yana nan. Masu cewa haka sun san da kwanon da aka dawo da shi har sau biyu, amma ba wanda ya ambata. Surukata ta ce ta bayan zana kada in je jana'izar. Na ce sai na je, ai tare aka yi mana kaciya da ubansa.

Na je. Da na shiga sahu na kusa da ni ya matsa, aka bar fili tsakanina da mutane kamar mai ƙazuwa. Na yi sallata. A maƙabarta na sa hannu zan karɓi fartanya in taya tura ƙasa, mai riƙe da ita ya miƙa wa wani. Na tsaya a wurin har aka gama. Ina jin zafin mutuwar yaron nan, Allah ya sani, don na sha ɗaukarsa a kafaɗa. Amma in suna jira ne in sunkuyar da kai, sun daɗe ba su gani ba. Ban harbi yaron kowa ba. Barewa na harba, da dalmar da na murza da hannuna, kuma da za a mayar da ni gindin gawon nan, abin da na yi shi zan sake yi.

Da aka juyo ana gaisuwa na bi layi har na iso gabansu. Sarkin Baka ya kau da kai. Na miƙa wa abokina hannu na ce Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri. Ya daɗe yana kallon hannun. Idanunsa sun yi ja, ya rame har na ga ƙashin kuncinsa. Sannan ya kama, ya riƙe, bai saki ba.

Ya ce, "Nonon ya zo?"

Na ce, "Ya zo."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, Allah ya raya ta."

Maganar ƙarshe ke nan da ta taɓa shiga tsakanina da shi, ga shi kuwa mun tsufa a gari ɗaya. Duk wurin ana jiran a ji ko zan iya amsawa. Na ce amin, kuma da ƙarfi na faɗa, don na can baya ma su ji.